Darasi na Bakwai: Noman Rumman a Ƙasar Sanyi

Rumman itacen ƙasar zafi ne mai son rana. Sau uku aka ambace shi a Alƙur'ani. Asalinsa daga yankin Iran da maƙwabtanta ne, inda bazara ke da zafi, hunturu kuma ke zuwa da ƙanƙara.

Yawancin irin rumman yakan lalace idan sanyi ya wuce digiri 12 ƙasa da sifili. Rassa su bushe, wani lokaci itacen ya mutu har gindi. Duk da haka manoman Kuva, a kwarin Fargana na ƙasar Uzbekistan, sun yi suna da rumman, alhali dusar ƙanƙara na sauka musu. Yaya suke yi?

Tun ranar dashe suke shiri. Ba sa dasa shi a tsaye, a karkace suke sa shi. Ba sa barinsa ya yi kututture ɗaya mai kauri. Sukan bar masa rassa uku ko huɗu daga gindi, masu laushin lanƙwasawa. Idan an gama tsinke 'ya'ya, ganye ya zube, wajen watan Nuwamba, sai su ɗaure rassan, su kwantar da su a hankali har su taɓa ƙasa. Su lulluɓe da ciyawa ko kara, su tara ƙasa a kai. Haka itacen zai kwana har sanyi ya wuce. Wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu a tone shi, a karkaɗe, a tayar. Aiki ne mai wuya, kuma gaggawa na ɓata shi: wanda ya lanƙwasa da ƙarfi zai karya reshe, wanda ya makara wajen tonewa zai tarar toho ya ruɓe.

Akwai kuma iri masu jure sanyi, kamar Salavatski da Kazake.

Amma a kula, kare itace daga sanyi rabin aiki ne. Ɗan rumman yana bukatar wata 5 zuwa 7 na ɗumi bayan fure kafin ya nuna. Shi ya sa ake dasa shi a inda rana ke duka yini guda, a jikin katangar da ke tare iska. Ƙasar ma ta zama mai tsotse ruwa, don saiwarsa ba ta son kwanciyar ruwa.

Sanyin hunturunmu bai kai ya kashe rumman ba, binnewa ba ta kama mu ba. A yanki reshe mai tsawon taƙi ɗaya, a kafa shi, a riƙa ban ruwa daidai; wajen shekara 3 yakan fara 'ya'ya.

Aiki: Ka rubuta dalilin da ya sa manoman Kuva ke dasa rumman a karkace.