Yadda Ake Shirya Takardu Kafin Sayar da Gida

Mafi yawan mutanen da na ga cinikin gida ya watse musu, ba mai saye suka rasa ba. Mai saye ya zo, an daidaita a kan kuɗi, har an shafa fatiha, sai lauyansa ya ce a kawo takardu a gani. Nan ido yake raina fata. Saboda haka kada ka kira dillali tukuna. Fara jawo akwatin da kake ajiye takardu.

Abu na farko, ka san wace irin takarda ke hannunka, kuma sunan wa ke jikinta. Akwai mai riƙe da C of O, wato takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa, akwai wanda takardar ba da fili kawai gwamnati ta ba shi bai kai ga karɓar C of O ɗin ba, akwai kuma mai gida a awon igiya wanda iyakarsa takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci. Duka ana sayarwa, amma ba kuɗinsu ɗaya ba, kada kuma ka bari dillali ya tallata maka gida a matsayin mai C of O alhali ba ka da ita. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da ka mallaka haƙƙin zama ne, wanda a gidan kwana yawanci shekara 99 ake rubutawa. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a miƙa wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna. Ba maganar fatar baki ba ce: a 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda ba a nemi wannan amincewa ba, duk da cewa mai gidan ya mallaki wurin tun kafin dokar.

Idan sunan da ke kan takardar ba naka ba ne, to akwai aiki a gabanka. Al'adarmu ce mutum ya sayi gida, a miƙo masa asalin C of O da takardar ciniki, ya jefa a durowa shi ke nan. Gida ya wuce hannu uku ko huɗu, a ma'aikatar ƙasa kuwa har yanzu sunan mai shi na farko ne a fayil. Tattaro takardar kowane ciniki ka jera su, daga wanda gwamnati ta bai wa har zuwa kanka. Inda ɗaya ta yi ɓatan dabo, nemi mutumin ko magadansa tun yanzu, don neman mutum a lokacin da mai saye ke tsaye a kanka ya fi tsada.

Na biyu, ka je ka binciki gidanka da kanka kafin wani ya bincika. A Kano za ka bi ta Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo da KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, wato hukumomin da ke ajiye bayanan filaye. Ana cika fom a biya kuɗin bincike, a ba ka rahoto a rubuce. Wasu na ganin asarar kuɗi ce tunda mai saye ma zai yi nasa. Ni dai a wurina dole ne. A nan za ka ga bashin kuɗin ƙasa na shekaru da ya taru, ka ga ko akwai wata ƙara ko jingina da aka rubuta a fayil. Biya bashin ka riƙe rasit. Idan jiharka ta yi shelar sabunta takardun mallaka, kamar yadda aka yi a Abuja da Kaduna da Kano, tabbatar taka ta shiga. In takardar tana banki saboda rance, sai ka biya, bankin ya rubuta maka takardar sakin jingina, a kai ta ma'aikata a shigar. In ɓata ta yi, akwai rahoton 'yan sanda, da rantsuwa a kotu, da cigiya a jarida, kafin a ba ka kwafin da aka tabbatar. Wannan kaɗai yana iya cin watanni.

Na uku, ga inda ni na sha wuya: gidan gado.

Da mahaifinmu ya rasu, mu tara ya bari da mata biyu. Muka zauna a zaure, manyan maza, muka yanke a sayar da gidan a raba kuɗi. Aka samu mai saye, ya ba da kafin alƙalami mai kauri, mu kuma muka taɓa kuɗin, aka biya bashin asibiti, aka yi wasu hidindimu. Bayan sati biyu lauyansa ya aiko da tambaya uku: ina takardar kotu ta rabon gado, ina sa hannun kowane magaji, wa ke tsaya wa ƙananan yara? Ko ɗaya ba mu da amsarta. Yayarmu da ke aure a wani gari ashe ba wanda ya kira ta, a bakin maƙwabta ta ji. Ta ce ita ba ta sayar da kasonta ba, kuma gaskiyarta. Ciniki ya tsaya, mai saye ya nemi kuɗinsa, muka shiga rance don mu mayar.

To ga yadda ya kamata mu yi. A fara fitar da bashin mamaci da wasiyyarsa, don su ne gaba da gado. Sannan a je kotun shari'ar Musulunci a tabbatar da magada ɗaya bayan ɗaya, har da matan da ke da tumunin takaba, da iyayen mamacin in suna raye, a karɓi takardar kotu. Ko da malami ya riga ya raba muku a gida, ku kai kotu ta tabbatar, saboda lauya da ma'aikata hatimi suke nema. Wajen sauya suna a fayil ana iya neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu, don haka ku tambaya da wuri. Kowane baligi ya sa hannu da kansa. Wanda ke nesa ya rubuto wakilci, kada a ce "ai mun yi waya ya yarda". Kason maraya kuwa kada waliyyi ya sayar sai da sanin alƙali. Sannan ku tuna da shuf'a: a mazhabar Malikiyya, idan wani ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na da haƙƙin biyan wannan kuɗi ya karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a mazhabarmu, amma in ka fara yi masa tayi ka rage wa kanka surutu. Kuma don Allah, kafin alƙalami ba a taɓa shi sai takardu sun kammala.

Na huɗu, shirya wa tambayoyin mai saye. Zai tambayi iyaka, don haka ka fito da taswirar safiyo ka duba ko duwatsun awo na nan, ko katangarka ta ci hanya. Zai tambayi katangar da kuka yi tarayya da maƙwabci, da inda ruwan sama ke bi, da izinin gini, wanda hukumar tsara birane ke bayarwa, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Zai tambayi bashin wuta da na ruwa. In akwai 'yan haya, faɗi ranar da kuɗin kowa zai ƙare. Ɗan hayar shekara yawanci notis ɗin wata 6 doka ta ba shi in ba ku rubuta wani abu daban ba, saboda haka kada ka yi alƙawarin miƙa gida ba kowa a ciki nan da sati biyu. Amsa a rubuce, kuma ka faɗi gaskiya. In ɗaki na yoyo ko damina na shigo da ruwa tsakar gida, faɗa. Aibin da ka ɓoye yana iya bai wa mai saye damar dawo maka da gidanka a shari'ar Musulunci. Duk wannan lokaci kwafi kawai za ka riƙa bayarwa. Asalin takarda a gani a gabanka, ta koma aljihunka.

Sauran mai sauƙi ne. Ɗauki lauyanka, kada ku yi tarayya da mai saye a kan lauya ɗaya don tsimin kuɗi. A rubuta yarjejeniya: farashi, ranar cika kuɗi, abin da zai faru da kafin alƙalami in wani ya fasa, da wanda zai biya kuɗin amincewar gwamna, harajin hatimi da rajista. La'adar dillali ma a yanke ta tun ranar farko, a kuma san dillalai nawa ne, don ranar biya sukan ninku. Kuɗi ta banki: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta banki ba. Kada ka yarda da hoton rasit ko saƙon waya, duba asusunka da kanka. Sai kuɗi sun zauna sannan ka sa hannu a takardar miƙa mallaka, wadda lauyoyi ke kira Deed of Assignment, a gaban shaidu, ka sa hannu a fom ɗin neman amincewar gwamna, ka miƙa asalin takardu da makullai, mai saye ya rubuta cewa ya karɓa. Ajiye kwafin komai. Bayan wata biyu ko uku ka tuntuɓe shi ka ji ko ya kai takardu ma'aikata, domin muddin bai sauya suna ba, kuɗin ƙasa da sunanka zai ci gaba da fitowa.