Yadda Za Ka Samu Katin CSCS Don Aikin Haƙa Harsashin Gini a Birtaniya

Katin CSCS shaida ce cewa ma'aikacin gini ya samu horon da ya dace da aikinsa. Doka ba ta wajabta shi ba, amma manyan ƴan kwangila ba sa barin wanda ba shi da shi ya shiga filin gini.

Da farko ka yi kwas ɗin kiyaye lafiya da kauce wa haɗari a wurin gini, na mataki na 1. Akwai na yini guda.

Sai ka yi rajistar jarrabawar kiyaye lafiya ta CITB, wato hukumar horar da ma'aikatan gini. A kwamfuta ake yin ta: tambayoyi 50 cikin minti 45, kuma sai ka ci 45. Kada ka raina ta, domin ta shafi haƙa kusa da wayoyin lantarki da bututun gas da ke binne, da ruftawar rami, abubuwan da ke hallaka ma'aikata. Ka yi bita sosai.

Idan ka ci, ka nemi koren kati na lebura a shafin CSCS da kanka, kafin sakamakon ya wuce shekara 2. Dillalai ƙarin kuɗi kawai za su caje ka.

Shuɗin kati na ƙwararru sai da shaidar ƙwarewar sana'a irin ta NVQ mataki na 2. Tuƙin injin haƙa kuwa katinsa daban: CPCS ko NPORS, wato katunan masu tuƙa injinan gini.