Yadda Za A Ciyar Da Mai Ciwon Dajin Maƙoshi, Tumbi Ko Hanji

Mai fama da ciwon daji a hanyar abinci yana ramewa da sauri, domin cutar tana toshe hanya ko hana narkewa, maganin kemo (maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cutar daji) kuma yana kashe sha'awar ci. Saboda haka kada mai jinya ya ajiye masa kwanon tuwo sau uku a rana yana jiran ya cinye. A raba abincin ƙanana-ƙanana sau 6 zuwa 8, kuma kowane cokali ya ɗauki abin gina jiki.

Likitoci suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.5 na furotin (sinadarin gina jiki) ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 90, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. Koko tsurara ba zai kai shi ko'ina ba. A dama kunun gyada da madara, a dafa alala da ƙwai ta yi laushi, a ba shi awara, kifin da aka zare ƙaya, da tuwon shinkafa mai ruwa-ruwa da miyar kuɓewa, wadda santsinta ke sauƙaƙa haɗiya. Fura da nono ma abinci ne da za a iya ba majinyaci, amma a lokacin kemo garkuwar jiki tana rauni, don haka sai an tafasa madarar kafin a yi nonon a gida. Gyadar da ta yi funfuna a zubar da ita, domin gubarta tana cutar da hanta.

Wanda aka yanke wa tumbi yana da nasa sharaɗin: ya rage sukari, ya jinkirta shan ruwa kamar minti 30 bayan cin abinci, in ba haka ba jiri da zawo za su taso masa. Idan an cire tumbin gaba ɗaya, allurar bitamin B12 ta zama dole har ƙarshen rayuwa.

Wasu dangi suna hana majinyaci nama da ƙwai wai kada a ciyar da cutar. Wannan kuskure ne, jikin da ya rame ba ya jure tiyata ko kemo. Haka kuma kada a ba shi jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba.

A auna nauyinsa kowane mako. Idan haɗiya ta gagara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko mai kilo 60 ya rasa kilo 3 a wata 6, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin da ke duba shi, a nemi ganin masanin abinci, kuma kada a ƙi robar ciyarwa ta hanci idan likita ya ce ita ce mafita.