Yadda ake gano inda ruwan lagireto ke tafiya a mota mai injin rotari

Ranar da fitilar ruwa ta fara kama mini a motata Mazda RX-8 mai injin rotari, ina dawowa daga Kaduna ne, na wuce Jaji, ana tsakiyar zafin watan Afrilu. Na taka totur zan wuce wata tirela, sai ga 'yar jar fitila mai hoton lagireto ta kawo a dashbod. Ina ɗaga ƙafa ta ɗauke. Gabana ya faɗi, na gangara gefen titi na kashe mota, na zauna kusan awa guda ina jiran inji ya huce. Da na duba, ruwa na nan cif. A ranar fitilar ce ta yi ƙarya. Bayan wata bakwai ta sake kamawa a cunkoson Kwangila a Zariya, wannan karon kuwa gaskiya ta faɗa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan: fitila ɗaya ce, amma labarin da take bayarwa iri biyu ne, kuma kuskuren fassara ta yana iya cin inji sukutum.

Sai ka san yadda aka ƙera injin kafin ka gane dalilin tsoron. Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin NSU ya tayar da na gwaji a 1957, amma Mazda ne ya riƙe shi hannu bibbiyu, daga Cosmo Sport a 1967, zuwa RX-7 da aka yi daga 1978 har 2002, sai RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Ke nan autar cikinsu ma ta haura shekara goma, duk wata roba da ke jikinta ta tsufa. Injin ba shi da fistin, ba shi da top, saboda haka ba shi da gasket ɗin da makanikanmu suka saba canzawa a wuni ɗaya. Yanka biyar ne aka jera aka ɗaure da dogayen kusoshi: faranti uku na zubin ƙarfe, gida biyu na alminiyum a tsakaninsu, inda rota biyu masu kusurwa uku ke juyawa. Abin da ya raba hanyar ruwa da ɗakin wuta siraran zobban roba ne kwance a tsakanin yankunan nan. Idan inji ya yi obahitin, alminiyum ya fi ƙarfe saurin buɗewa, sai gidan ya karkace, robar ta ƙone. Sau ɗaya tak ya isa. Gyaran kuwa sai an sauke inji an warware shi kaf.

Fara da idonka, da sassafe

Kada ka taɓa murfin ruwa inji na da zafi. Na ga hannun yaron gareji da tafasasshen ruwa ya saɓule wa fata, ba abin gani ba ne. Bari mota ta kwana a wuri mai daidai, ba gangare ba. Da safe ka ɗaga bonet ka dubi tankin roba, akwai alamar F a sama da L a ƙasa. Yawancin tankunan sun yi ja saboda tsufa har ba a ganin cikinsu, to haska tocilar waya ta bayansa, layin ruwan zai fito. Sa maka ka ja layi daidai wurin. Ka yi ta harkokinka, amma kowace safiya, kafin ka tayar da mota, ka dubi layin nan har kwana bakwai. Awon ruwa mai zafi ba awo ba ne, domin ruwa yana hawa idan ya ɗau zafi.

Idan mako ya cika ruwa bai motsa daga layin ba, kuma fitilar tana kawowa ne kawai lokacin da inji ke kuka da ƙarfi ko kana shan kwana, to kusan ka kama ɓarawon. A cikin tankin RX-8 akwai wani ɗan abu mai yawo a kan ruwa, shi ke gaya wa sensa cewa ruwa na nan. Idan ya tsufa sai ya sha ruwa ya yi nauyi, famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji na ja da ƙarfi ya nutse, fitila ta kama. Sananniyar cuta ce a wannan mota. Ba a canza shi shi kaɗai, tankin ake sakewa gaba ɗaya.

Za a ce maka ka zare soket ɗin sensar ka huta. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Allurar zafi ta RX-8 malalaciya ce, an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko zafi ya hau ko ya sauka, ba ta motsawa sai abu ya kusa ɓaci. Idan ka kashe bakin fitila, wa ya rage ya yi maka magana? Sayi tanki, ko da sai an aiko maka da shi daga Ladipo a Legas ko daga waje. Wajen cire tsohon kuma a bi a hankali. Akwai siririn tiyo da ya tashi daga tankin ya shiga wani ɗan hancin roba a saman lagireto. Hancin nan ya bushe, ana murɗa tiyon da ƙarfi zai karye, aikin tanki ya koma sayen lagireto. Gara a tsaga tsohon tiyon da reza a sa sabo. Ka kuma nemi 'yar na'urar OBD2 da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari tana magana da waya, ita za ta nuna maka ainihin zafin ruwa da lamba.

Idan ruwa na raguwa da gaske

Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai yana zuba waje, ko inji na tunkuɗo shi ta bakin tanki, ko yana shiga ɗakin wuta. A bi su daga mai araha zuwa mai tsada.

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban mota da dare. Ruwan AC fari ne tas, ba shi da wari. Na lagireto yana da launi, yana da santsi a yatsa, yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Inda ya ɗiga a kwali, ka bi shi sama da tocila. A nan ƙurar Zariya tana yi mana rana: lokacin hunturu duk inda ruwa ke tsattsafowa, ƙura na mannewa ta yi dabbare-dabbare, ko ka ga farin ɓawo ko kore ya bushe a wurin. Saboda haka kada ka kai inji wanki kafin bincike, za ka wanke shaida.

Dubi murfin tanki tukuna, domin shi ne mafi araha kuma shi aka fi mantawa. Aikinsa riƙe matsin iska don kada ruwa ya tafasa da wuri. Na RX-8 an rubuta 0.9 a kansa. Idan robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa fita a tururi ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. Sayi mai lamba iri ɗaya, kada a ba ka wanda ya fi shi da sunan ƙarin ƙarfi, tsofaffin robobi ba za su ɗauka ba. Daga nan ka matsa manyan tiyo biyu na sama da ƙasa. Wanda ya kumbura kusa da kilif, ko ya yi laushi kamar dafaffen rogo, ko ya bushe yana tsatstsagewa, ya gama aiki. Bi gaɓar da robar lagireto ta haɗu da alminiyum. Leƙa ƙasan famfon ruwa, yana da ɗan rami da ke zubar da hawaye idan sil ɗinsa ya mutu. Kada ka manta ƙananan tiyo da ke bayan inji masu shiga hita. Sannan ka shiga cikin mota ka taɓa kafet ta gaba. Idan da danshi, ko gilashi na yin hazo mai maiƙo ta ciki, hita ce ke yoyo. Mu nan ba mu kunna ta sai sanyin Disamba da Janairu, amma hakan bai hana ta ruɓewa ba. Mai RX-7 ta ƙarshe kuma ya dubi ɗan ƙaramin tankin roba mai tace iska, ya yi suna wajen fashewa.

Idan ido bai gani ba, a nemi famfon gwajin lagireto. Ana ɗaura shi a madadin murfi, inji a sanyi, a buga iska zuwa lambar da ke kan murfin, kada a wuce. A jira minti 15. Allura ta sauka, akwai ɓula, kuma sau da yawa a lokacin za ka ga ɗigon da ke ɓuya.

Nawa, na cunkoson Kwangila, bai kasance ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ruwa ne ke tafasa yana fita ta tiyon ambaliya. Da muka buɗe gidan tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan ya ɗau zafi, wayam. Wani gareji da na taɓa kai motar sun cire shi ba su gaya mini ba. Da na koma na tambaya, sai maigidan ya ce, "Alhaji, ai wannan na ƙasar sanyi ne, nan ba ya amfani." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, haka aka koya masa, amma a wannan inji kuskure ne babba. Tamostat ɗin yana buɗewa wajen digiri 82, kuma yana buɗewa yana toshe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji. Babu shi, hanyar nan a buɗe take, wani kaso na ruwan ba ya zuwa lagireto sam. A mayar da shi. A tabbata fanka biyu suna tashi, kunna AC ka leƙa. A wanke ƙura da ƙwari daga fuskar lagireto da masu sanyaya baƙin mai da ke gefen bamba, domin wannan inji yana fitar da zafi mai yawa ta mai. Faifan robar da ke rufe ƙasan gaban mota, wanda ramukan unguwa da tudun rage gudu ke yagewa, shi ma ba ado ba ne. Shi ke tilasta wa iska ratsa lagireto maimakon ta sulale ta ƙasa.

Abin da ba a so a ji

Babu ɗigo a waje, murfi sabo, fanka na aiki, amma ruwa na tafiya. Yanzu sai a tuhumi robobin cikin inji.

Saurari motar da sassafe. Idan ta kwana, matsin da ya rage yana tura ruwa cikin ɗakin wuta. Sai ta yi wuyar tashi, ta tashi tana kakkarwa kamar rota ɗaya ce ke aiki, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri mai ƙamshin zaƙi, bayan ɗan lokaci ta daidaita. A bambanta shi da tururin sanyin asuba, wanda ba shi da wari kuma yake bajewa nan da nan, da kuma hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, domin rotari an yi shi ne yana ƙona ɗan baƙin mai da gangan. Wuyar tashi kaɗai ma ba hujja ba ce, motar tana shaƙe wa da fetur idan aka kashe ta da sanyi.

Gwajin kumfa ya fi faɗar gaskiya. Inji a sanyi, cire murfi, cika ruwa, tayar da mota ka zuba ido. Kumfa ɗaya biyu iska ce da ta maƙale. Amma idan ƙananan kumfa na tasowa a jere ba yankewa kamar an buɗe kwalbar lemo, kuma suna ƙaruwa idan aka taka totur, hayaƙin inji ne ke kutsowa cikin ruwa. Wata alamar ita ce babban tiyo ya yi tauri kamar taya minti kaɗan da tayarwa, tun ruwa bai ɗau zafi ba. Akwai kuma ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin tanki, idan hayaƙi na ciki sai ya juye kore ko rawaya.

Don a yanke shakka, a bar famfon gwaji a ɗaure da iska har safe. Sannan a cire fis ɗin famfon fetur da soket ɗin kwayil, a kwance fulogi na ƙasa a kowace rota, domin fulogi huɗu ne, biyu-biyu. Riƙe farin tsumma a bakin ramin, wani ya yi kiki. Idan ruwa ya feso a tsumman, magana ta ƙare. Farin maiƙo kamar madara a murfin baƙin mai kuwa kada ya firgita ka shi kaɗai. RX-8 ta saba tara shi idan gajeriyar tafiya ake yi da ita, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari a dawo, inji bai yi zafin da zai kori danshi ba.

Idan robobin sun mutu, ajiye motar. Ruwan da ke kwana a ciki yana sa tsatsa ta ci farantan ƙarfe da sil ɗin rota, abin da da zai tsaya a sayen robobi ya koma sayen gidaje. Kada ka bari a zuba maka garin toshe yoyo, balle ƙwai ko barkono, lagireto da hita za su toshe, zafi ya ƙaru. Kafin ka miƙa makulli ga wanda zai buɗe injin, tambaye shi kai tsaye: "Malam, rotari nawa ka taɓa haɗawa, kuma ina masu su?"

Wanda Allah ya taimaka matsalarsa ta tsaya a waje, saura zuba ruwa. Ruwan rijiya, na burtsatse da fiya wata duk suna barin ƙasa-ƙasa da tsatsa, kuma inji mai haɗa alminiyum da ƙarfe ba ya jure wannan. A haɗa kulan na kirki, wato ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, da ruwan batir wanda ba asid a ciki, rabi da rabi, ko a sayi wanda aka riga aka haɗa. Idan an rubuta FL22 a murfin motarka ko kusa da shi, kulan mai wannan suna za ka nema. Ƙanƙara ba ta daskare mana inji a Zazzau, amma maganin tsatsar da ke ciki muke bukata. Tsohon ruwan kuma a tare shi a jarka, kada a malalar a tsakar gida, guba ne mai zaƙi, akuya da kaji da ƙananan yara suna iya lasa. Ɗaga gaban motar kaɗan, zuba a hankali kana matsa babban tiyo don iska ta fito, bar ta a sulo har babban tiyo ya ɗau zafi, mayar da murfi ka jira fanka ta tashi. Kashe, bari ta huce sarai, ƙara abin da ya ragu, ka goge tsohon layin maka ka ja sabo.