Yadda Ake Kwashe Bidiyo Daga Kyamarar HD Zuwa Kwamfuta

Ciro katin ajiya daga kyamarar ka sa a makarancin kati, wato na'urar da ke haɗa kati da kwamfuta. Ya fi igiyar USB sauri, kuma wasu igiyoyin caji kawai suke yi. Idan kyamarar na ɗauka a tsarin AVCHD (wani tsarin ajiye bidiyon HD), kwafe jakar fayilolin da ke cikin katin mai suna PRIVATE ɗungurungum, kada ka tsinci fayiloli ɗai-ɗai. Katin da ke kan FAT32 (wani tsarin shirya fayiloli a kati) ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, shi ya sa kyamarar ke yayyanka doguwar ɗauka, kuma bayanin haɗa guntayen yana cikin jakar.

Tanadi wuri a kwamfuta: awa ɗaya ta bidiyon 1080p (cikakken HD) a 24Mbps (yawan bayanan da ake ɗauka a daƙiƙa) tana cin kusan 11GB.

In hoton na sarƙewa, buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ko ka rage nauyinsa da manhajar HandBrake. Goge katin kuwa, a cikin kyamarar za ka yi, bayan ka ajiye kwafi biyu.