Yadda ake sauraren tsofaffin faya-fayan punk da hardcore har kunne ya saba

Duk wanda ya fara jin kiɗan punk, wato wani reshen kiɗan rock na Turawa mai gudu da zafi, abin da yake cewa ke nan: hayaniya ce kawai. Jita na kuka kamar injin markaɗe, mawaƙi na ihu kamar an taka masa ƙafa, kafin ka gyara zama waƙar ta ƙare. Kada ka yi saurin kashewa. Ba ta kowace ƙofa ake shiga gidan nan ba.

Ka fara da faifan farko na ƙungiyar Ramones, wanda ya fito a birnin New York a 1976. Waƙoƙi 14 ne cikin ƙasa da minti 30, kuma kuɗin ɗaukarsa bai wuce dala 6,400 da 'yan kai ba, a zamanin da manyan makaɗan rock ke kwashe watanni a situdiyo suna jan waƙa ɗaya har minti goma. Ka saurare shi daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Waƙa guda ba za ta nuna maka komai ba. Daɗin yana cikin yadda suke bin juna a guje, babu wurin shan iska.

Daga nan ka tsallaka Landan ta 1977, ka ɗauko faifan Sex Pistols da na farkon The Clash. Amma ka san halin da aka yi su. Aiki ya yi wuya, kaya sun yi tsada, samari na zaman kashe wando, ga gwamnati na shagalin cikar Sarauniya shekara 25 a kan gado. A tsakiyar bikin Sex Pistols suka saki waƙar yi wa sarautar shaguɓe, BBC ta hana sa ta. In ka san wannan, ihun sai ya zama magana. A ganina The Clash sun fi daɗewa a kunne, don sun zauna da 'yan Jamaika mazauna Landan, har reggae ta shiga kiɗansu.

Sai kunne ya ɗan yi ƙwari sannan ka nufi hardcore, wato punk ɗin da yaran Amurka suka ƙara wa gudu da zafi daga wajen 1980. Nan ne mutane da yawa ke juyawa. Faifan Damaged na ƙungiyar Black Flag, na 1981, yana da nauyi, ka ajiye shi zuwa gaba. Ka fara da Bad Brains, baƙaƙen fata daga Washington, mabiya Rastafari, waɗanda kundinsu na farko ya fito a 1982 a kaset kawai. Ka bi mai ganga da kunne, ka bar mawaƙin tukuna. Duk gudun nan, ba wanda ya saki layi. Can kuma sai su taka birki, reggae ta shigo a hankali, ka numfasa, su sake figa. A nan za ka gane cewa masu wannan kiɗa ba don rashin iyawa suke hayaniya ba.

Minor Threat ma 'yan Washington ne. Mawaƙinsu Ian MacKaye da mai gangarsu Jeff Nelson sun kafa kamfaninsu na faya-fayai, Dischord, a 1980 suna samari, da hannunsu suke yanka kwalin faifai su shafa gam su naɗe. Waƙarsu ta 1981 mai suna "Straight Edge" ba ta kai minti ɗaya ba, amma daga ita aka samu matasa masu ƙin giya da ƙwaya, suna zana alamar X a bayan hannu. Asalin alamar, masu gidan rawa ne ke yi wa yaro don kada a sayar masa da barasa. Ka nemi hotunan bangon irin waɗannan faya-fayai ka duba, yawanci baƙi da fari ne, wasu kamar an fito da su daga shagon hoto-kwafi.

Baitocin kuwa sai ka nemo su a rubuce a intanet, don ko Bature ba ya kama rabinsu da kunne. Dead Kennedys na San Francisco sun fi kowa buƙatar haka, saboda gatse ne zalla, wanda bai lura ba sai ya ɗauka yabo suke yi. Sunan mawaƙinsu na wancan lokaci, Jello Biafra, zai ba ɗan Najeriya mamaki: ya haɗa sunan wani kayan zaƙi na Amurka ne da Biyafara ta yaƙin basasa. A lura, akwai ashar a wasu waƙoƙin, ba na sawa a falo gaban yara ba ne.

Kada kuma ka wahalar da kanka neman sauti mai tsabta. Yawancinsu an ɗauke su ne cikin ɗan lokaci da kuɗi kaɗan, ƙurar tana cikin kayan. Lasifikar waya dai ba ta fitar da jitar bes, ka sa na kunne mai kyau, ka ƙara sauti daidai yadda ba zai bar maka ƙara a kunne ba.

Bayan mako biyu ka koma kan Ramones. Kiɗan da ya firgita ka ranar farko za ka ji ya yi laushi, har kana bin amshi.