Neman garin kakanni a Gabashin Turai: inda masu binciken asalin Yahudawa suke yin tuntuɓe

Tsakanin 1881 da 1924, Yahudawa kimanin miliyan biyu suka bar Gabashin Turai suka nufi Amurka. Yau jikoki da tattaɓa-kunne ne ke neman garin da aka fito, kuma sau da yawa abin da suka gada bai wuce magana ɗaya daga bakin wata tsohuwa ba: "Daga Rasha muke," ko "Mu mutanen Minsk ne." A kan wannan maganar ake fara ɓata.

Rashar da tsohuwar ke nufi ba ta yau ba ce. Daga 1791 zuwa 1917 daular Rasha ta killace yawancin Yahudawanta a wani yanki na yamma, wanda yanzu ya rabu tsakanin Yukren, Belarus, Lituwaniya, Moldoba da gabashin Folan. Wanda ya tasar wa Mosko da bincike ya yi asarar lokacinsa. "Minsk" ɗin ma da wuya ya zama birnin kansa. Minsk, Grodno, Kovno, Vilna da Kiev duk sunayen larduna ne kuma sunayen manyan biranensu. Kamar dai mutumin Bichi ko Rano ne a Legas, in an tambaye shi ya ce shi Bakano ne. Bai yi ƙarya ba, ya dai faɗi sunan da mai tambaya zai gane. Saboda haka a ɗauki babban sunan a matsayin lardi tukuna, sai takarda ta nuna akasin haka.

Takardar kuwa ba a Turai ake fara nemanta ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi: mutum ya rubuta wa gidan adana tarihi a Warsaw ko Vilnius, ko ya ɗauki mai bincike haya, alhali bai gama tona abin da ke ƙasar da kakan ya sauka ba. Takardun neman zama ɗan ƙasa a Amurka daga ƙarshen 1906 suna tambayar garin haihuwa. Jerin sunayen fasinjojin jirgin ruwa daga 1907 shafi biyu ne, kuma mutane da yawa na farkon kaɗai suke dubawa. A shafin farko akwai wurin zama na ƙarshe, da suna da adireshin ɗan'uwan da aka baro a gida. Garin haihuwa yana can ƙarshen shafi na biyu, a layukan gefen dama. In jirgin daga Hamburg ya tashi, akwai jerin fasinjoji da Jamusawa suka rubuta a tashar, na 1850 zuwa 1934, da za a gwada da shi. Na Bremen, wata tashar jirgin ruwa ta Jamus, yawancinsu sun salwanta.

Maƙabarta ma shaida ce. A maƙabartun Yahudawa na Queens a New York, za ka ga ƙananan ƙofofi na dutse ko ƙarfe, kowace da sunan ƙungiya a samanta. Baƙin da suka fito gari ɗaya sukan kafa ƙungiyar taimakon juna, su sayi fili su riƙa binne 'yan garinsu a ciki, sunan garin kuma yana jikin ƙofar. A dai yi hattara, don wani a filin garin matarsa aka binne shi. Dutsen kabarin kansa yakan ba da sunan mamacin da na mahaifinsa da Ibrananci, wanda shi za a tarar a rajistar can gida, ba "Sam" ko "Harry" da ya ɗauka a Amurka ba.

To, an samo sunan gari, an duba taswira, babu shi. Nan wasu ke cewa ai an shafe garin a yaƙi. Galibi garin yana nan daram, sunan ne ya bambanta. Yahudawa suna da nasu sunayen da harshen Yidish: Góra Kalwaria ita ce Ger, Brest ita ce Brisk, Rzeszów ita ce Reyshe, Dzyatlava ta Belarus ita ce Zhetl. Ga kuma sauyin masu mulki. Birnin da Yukren ke kira Lviv, Lemberg ne a hannun Ostiriya daga 1772 zuwa 1918, ya koma Lwów a hannun Folan, ya zama Lvov a zamanin Sobiyet. Mutum ɗaya zai iya rubuta ƙasashe uku a takardu uku, bai kuwa taɓa sauya garin haihuwa ba. Ƙari a kan haka, magatakardan da ya rubuta sunan da kunne ya ji shi. Maganin shi ne a daina neman harafi, a nemi sauti. Tsarin Daitch-Mokotoff, wanda aka ƙirƙiro a 1985 musamman don sunayen Yidish da na Silabawa (irin su Rashawa da mutanen Folan), yana haɗa sunaye masu amo ɗaya ko da rubutunsu ya sha bamban, kuma da shi rumbun garuruwa na JewishGen, shafin intanet na binciken asalin Yahudawa, ke aiki. Rumbun yana nuna sunan gari a kowane zamani, da lardinsa, da garuruwan da ke kewaye da shi.

Akwai kishiyar wannan matsala, wadda a ganina ta fi haɗari, domin mai ita bai san yana cikinta ba: a samu suna ya dace, a yi murna, a gina bishiyar zuri'a sukutum a garin da ba shi ba. Mogilev biyu ce, ɗaya a bakin kogin Dnieper a Belarus, ɗaya a Podolia ta Yukren. Kamenets biyu ce. Tomaszów akwai Lubelski akwai Mazowiecki. Ostrów da Janów kuwa ba a magana. Kada a yarda da gari sai lardi ya dace, kuma an ga sunan dangin a rajistarsa ko ta maƙwabta.

Sunan dangi ba adireshi ba ne. Ostiriya ta tilasta wa Yahudawa ɗaukar sunan dangi a 1787, Rasha a 1804, Farusiya (wata daular Jamus) a 1812. Wanda aka kira Warshavsky, alama ce ta cewa a lokacin ya riga ya bar Warsaw. Ba a yi wa mutum laƙabi da garin da kowa ɗan can ne. Horowitz daga Hořovice ta ƙasar Cek ya samo asali, amma ɗaruruwan shekaru kafin kakan da kake nema. Labarin nan na cewa jami'an tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi a New York, su ne suka sauya wa mutane suna shi ma a ajiye shi: a tashar da jirgi ya taso ake rubuta jerin, su dubawa kawai suke yi.

Sai batun inda takardun suke, wanda ba lallai ya bi iyakar yau ba. Rajistocin Yahudawa na garuruwa da dama a gabashin Galisiya, tsohon lardin Ostiriya, da ke cikin Yukren yanzu, suna gidan adana tsofaffin takardu na Warsaw, kuma JRI-Poland, ƙungiyar da ke tattara sunaye daga rajistocin Yahudawan Folan, ta jera sunaye masu yawa daga cikinsu. Na wasu garuruwan Belarus suna Vilnius, saboda a da lardin Vilna suke, Vilna kuwa ita ce Vilnius ta yau. A yankin Folan da Rasha ta mulka, an ware wa Yahudawa rajistarsu daga 1826. Kafin nan, tun 1808, a littafin da limamin cocin Katolika ke riƙewa ake rubuta su. Daga 1868 rubutun ya koma Rashanci, don haka wanda ya saba da haruffan Latin sai ya nemi mai karanta masa.

A daular Rasha kuma kowane iyali yana da garin da aka yi masa rajistar haraji da aikin soja, ko da ya shekara talatin da tashi daga can. Za ka iya ganin iyali a jerin ƙidayar 1858 na wani gari, alhali 'ya'yansu duk a wani garin aka haife su. Ƙauyuka ƙanana ba su da rajistar kansu, haihuwa da aure da mutuwa a garin da majami'a da limaminsu suke ake kai su. In garin da ka tabbatar bai ba da komai ba, ka buɗe taswira ka bi garuruwan da keken doki zai iya kaiwa a wuni ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.